Hayaƙin Bolar Bayan Gidan Yari

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, shugaban gidan yari da ma'aikatansa, jami'an lafiya da na tsabtace gari, iyayena mata da muke haɗuwa a layin ziyara, iyayena maza, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku duka cikin girmamawa. Na gode da kuka ba yarinya dama ta tsaya gaban manya. In muryata ta yi ƙasa, ku yi mini haƙuri.

Babana yana cikin gidan nan. Abin da ya kawo shi na alƙali ne, ba zan taɓa shi ba. Maganar ƙirjinsa na zo yi.

Da farko, bari in faɗi abin da ke faruwa. A bayan katangar gidan yari akwai bola. Unguwa duka nan take zuba shara, leda da robobi da tsoffin takalma, har da taya. In ta taru, sai a jira iska ta juya wa gidaje baya, sannan a cinna wuta. Ba mugunta ba ce. Kowa yaransa yake karewa, kuma in ka duba wancan ɓangaren, katanga kawai za ka gani. Amma bayan katangar akwai ɗakuna masu ƙananan tagogi can sama, kuma a ƙarƙashin kowace taga akwai mutane cunkushe. Hayaƙin da muka kora daga gidajenmu, nan yake sauka. In suka toshe taga da tsumma, zafi ya dafa su. In suka buɗe, hayaƙi ya shaƙe su.

Babana yana da asma. Ranar da na same shi yana magana yana hutawa, kuka ya ƙwace mini. Sai ya ce, "Haba Auta, goge fuskarki. Ki gaya wa babarki, tabar da ta sha fama har na daina, ga shi nan ana ba ni kyauta, ko ashana ban saya ba." Gandiroban da ke tsaye ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya ce, "Malam, ai tare muke sha."

Na biyu, ina so ku ji abin da ya ba ni ƙarfin zuwa nan. Akwai dattijon da ke kula da bolar, muna ce masa Baba Mai Baro. Na je na gaishe shi, na roƙe shi ya ɗaga kai kawai. Ya ɗaga. Ya ga tsummokara baƙi ƙirin a tagogi. Ya ce, "'Yata, mutane ne a can?" Na ce, "Har da babana." Ya sake kallon tagogin. Sannan ya ce, "To wallahi hannuna ya bar ashana." Tun ranar bai ƙara cinna wuta ba, kuma ya hana kowa. A ziyarar da ta wuce babana ya ce mini ya fara kwana a kwance, ba a zaune ba.

Sai dai shara tana ta tsiri, ƙuda ya yi yawa, an fara yi wa dattijon nan surutu. Shi kaɗai ba zai iya ba. In aka bar shi haka, wani zai ƙyasta ashana, kuma ban san ko ƙirjin babana zai ƙara ɗauka ba.

Saboda haka ga roƙona. Iyayena masu kula da tsabta, ku aiko motar kwasar shara, ku sama wa bolar nan wani wuri nesa da hancin kowa. Shugaban gidan yari, a faɗaɗa tagogin nan, ƙarfe ya tare mutum amma ya bar iska ta wuce. Jami'an lafiya, ku shiga ku saurari ƙirjin masu tari, fursuna da gandiroba. Mu kuma 'yan unguwa, kafin motar ta zo, kada mu ƙona. Alƙali zama ya yanke musu, bai yanke musu hayaƙi ba. Waɗannan mutane za su fito wata rana, mu bari su fito da huhun da za su yi aiki da shi.

Ɗazu a bakin ƙofa direban motar shara ya ce mini shi a shirye yake, izini kawai yake jira. Mai ba da izinin yana zaune a cikinku.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na ciki da na waje. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka, ya mayar da kowa gidansa lafiya, har da waɗanda ke bayan katangar nan.

Na gode.