Ɗaurin da Na Ƙi Sassautawa

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Rifkatu mai ɗinki, wadda kuke yi wa dariya don jakata ba ta rabuwa da ƙyalle da guntun sanda. Yau kuwa sai kun saurare ni.

Shekarun baya harsashi ya sami ƙanena Ishaya a gona, wajen Sakajiki. Na ɗaure masa ƙafa da ɗankwali, ya yi kuka, tausayi ya kama ni, na kwance, muka zuba toka a raunin. Kafin mu kai asibitin Kaura jininsa ya ƙare. Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na daɗe ban taka ƙofar majami'ar nan ba.

Wata nas da nake yi wa ɗinki ce ta koya mini: ƙyalle mai faɗi, a ɗaure sama da rauni, a murɗa sanda har jini ya tsaya, kuma ba mai kwancewa sai likita. Na ɗinka nawa, na sa a jaka. Wasunku suka ce rashin bangaskiya ne, wai ina kiran masifa. Na yi kunnen uwar shegu da ku.

Ran kasuwar Shinkafi, muna dawowa da la'asar, 'yan bindiga suka buɗe wa motarmu wuta kusa da Badarawa. Direba ya tsere da mu, amma an sami maigidana Bitrus a cinya, jini kamar an buɗe famfo. Na ɗaure, na murɗa. Ya yi ihu, ya roƙe ni, har zagina ya yi.

Wani dattijo da ke kusa da mu ya ce, "Ɗiyata, sassauta mai, kashe shi za ki yi."

Ishaya ya faɗo mini a rai. Na ce, "Yesu, ka riƙe hannun nan, yau ba ni kwancewa." Na ƙara murɗawa ina kuka, jini ya tsaya.

A asibiti likita ya ce da na sassauta, gawa za mu kawo. Dattijon nan kuwa har shagona ya biyo ni, in ɗinka masa nasa ƙyallen.

Bitrus, tashi su gan ka. Yana ɗingishi, amma ga shi da ransa. Yabo ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, ku kuma sa ƙyalle da sanda a jaka. In ranar ta zo, ko wa ya roƙe ku, kada ku sassauta.