Dutsen da Ya Ga Farkon Duniya

A tashar Anka, ana jiran motar Bagega ta cika, wata dattijuwa ta leƙa wayar saurayin da ke gefenta.

"Yaro, zinariya ce wannan?"

"A'a, Inna. Hoton wani ɗan dutse ne, bai kai ƙwayar gero ba. A kansa muke karatu a jami'a. Ya kusa zama sa'an duniya."

"To, mi yac ce muku?"

"A da ana zaton duniyar farko wuta ce zalla. Da aka bincika cikinsa, sai ga alamar tun lokacin akwai ruwa."

"Ashe dutse na faɗin abin da ke cikinai. Mu namu na zinariya bai faɗa ba. A turmin hura munka riƙa daka shi, tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurar. Sai da na rasa jikoki ukku anka ce gubar dalma ce."

"Na sani, Inna. Ni ɗan Yargalma ne, mu ma haka aka riƙa daka shi a gidanmu. Tare da ƙanwata muke wasan. Ni kaɗai na tashi."

"Allah Ya jiƙan ta. To in ka ƙare da na farkon duniya, ka zo ka tambayi namu. Har yau ba a bar daka shi ba."