Baba Ya Aike Ni Neman Waƙa

Assalamu alaikum Malama, sannu da aiki. Ni ce Hadiza, daga nan Arlit.

Mahaifina tsohon ma'aikacin haƙar yuraniyom ne, yanzu tari ya kwantar da shi. Akwai wata tsohuwar waƙar matafiya ta wasu makaɗan gita da yake so, amma kaset ɗin ya tsinke. Da muka ji za su zo wasa, ya ce, "Hadiza, je ki samo mini ita."

Tun azahar nake tsaye cikin rana a filin wasan, ba su fara ba sai bayan la'asar. Sababbin waƙoƙi huɗu suka yi, muna ta roƙon tsohuwar, ko kallonmu ba su yi ba. Na tambayi mai sayar da kayansu ko akwai ta a katin memori na waya. Ya ce, "Sai a intanet, amma ga riga mai hotonsu." Unguwarmu da rezo, wato sabis ɗin waya, ke kwana biyu bai zo ba! Riga zan kunna wa marar lafiya?

Da na koma gida, ni na zauna na rera masa, yana gyara mini cikin tari.

Wallahi na gaji, Malama. Wanda yake da ita, don Allah ya kawo gidan rediyon nan, zan zo in karɓa.