Kofi Mai Ƙurji

Auta: Alo, salamu alaikum. Yaya, ina wuni?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, kana ji na?

Auta: Ina jin ki sarai. Ya gida, ya yara?

Yaya: Lafiya lau. Ya mai jego da jariri?

Auta: Alhamdu lillahi, sai kuka da ci. Ya jikin Inna? Idon fa?

Yaya: Da sauƙi za a ce. Gani dai ya tafi, yanzu komai da hannu take lalube.

Auta: Allah ya ƙara sauƙi. Baban yara ya samu wani abin yi?

Yaya: Ina fa! Yana nan yana cinye takalmi a titi. Mutumin da tun yana saurayi yake gaban injin Baba, wa zai ɗauke shi yanzu da furfura?

Auta: Sai haƙuri. Ai kin san ba da son raina aka rufe masana'antar Baba ba. Tunda ƙarfen zubin kofin ya tsage...

Yaya: Ya me? Ƙara ta yi yawa a wajenka. Kana ina ne?

Auta: Gareji. Janareta ce suka tayar.

Yaya: Janareta. Yi shiru in ji. Kam, ya rufe. Tsss, ya tura. Shiru, yana hucewa. Ƙwal, ya faɗo a kwando. Auta, janaretar garejin nan kofi take haihuwa?

Auta: Kai, Yaya, ke dai da zolaya.

Yaya: Ka ji ina dariya? A cikin ƙarar nan na girma. Kana goye a bayan Inna nake ɗibar ƙwayar roba ina zubawa a mazurari. Ta gangara bututu ta narke, inji ya danna ta cikin ƙarfen, ruwa ya zaga ya sanyaya, ƙarfe ya buɗe baki ya tofo kofi da ɗuminsa. Ni ce mai aske gefuna da reza. Har yau tabon yana yatsuna.

Auta: To ai ba Baba kaɗai ke da inji a duniya ba. Na leƙo wajen wani abokina ne.

Yaya: Yanzu kuma gareji ya koma wajen aboki. To ji. Jiya na sayo kofuna a kasuwa, jajaye.

Auta: Namu ai koraye ne.

Yaya: Launi garin hoda ne, ko yaro ya san ana canzawa. Na juya gindin, an goge tambarin Baba, wurin ya yi sumul. Wanda ya goge ya iya aiki. Sai dai ya manta ƙarƙashin mariƙi.

Auta: Alo? Layin yana yankewa...

Yaya: Ba ya yankewa, kai ne kake son ya yanke. Ka tuna ranar da sifanar kwance noti ta suɓuce wa Baba ta faɗa cikin ƙarfen ta lotsa shi? Tun ranar duk kofin da ya fito sai da ɗan ƙurji a ƙarƙashin mariƙi, don roba ba ta ƙarya, abin da ke jikin ƙarfe shi take kwasowa. Ƙurjin yana nan, Auta. A kan kowane ɗaya.

Auta: Kwaikwaya aka yi! Mutane suna sayen kofi su kai a sassaƙa musu irinsa.

Yaya: Har da aibinsa? Wane maƙeri ne zai zauna ya sassaƙa kuskuren Baba?

Auta: Yaya, ki tsaya ki ji...

Yaya: Ka zo har ɗakin Inna, ba a gama karɓar gaisuwar rasuwar Baba ba, ka ce ƙarfe ya rabe biyu, ka sayar wa masu gwangwan. Har hawaye ka yi. Ni na ba ka ruwa ka wanke fuska.

Auta: Injin Baba ya tsufa! Kullum a lalace, yau hitar narka roba ta ƙone, gobe mai yana zuba. Wani mai masana'anta ya ce in kawo ƙarfen, shi da sabon inji, mu yi tare. Da na faɗa, kowa sai ya sa baki, a yi ta taro har ƙarfen ya yi tsatsa.

Yaya: Shi ya sa ka binne ƙarfen da ransa. Mijina fa? Ko mai kwashe kofi a kwando ba ka ga ya dace ba?

Auta: Da na ɗauke shi, ai da ya gane ƙarfen.

Yaya: Ka ga gaskiya ta fito da kanta. Wallahi zuciyata ƙuna take, Auta. Ba don kofi ba.

Auta: Na ji, na yi laifi. Zan zo mu zauna, zan nema masa wuri. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah kada Inna ta ji. Ki kwashe kofunan ki ɓoye.

Yaya: In ɓoye wa wa? Kana tsammani ni na gano? Ni da idona biyu ban lura ba. Ruwan shan magani na miƙa mata a ciki. Ta riƙe, babban yatsanta ya shiga ƙarƙashin mariƙi, ya tsaya. Ta daɗe tana shafawa. Sai ta ce, "Ashe ƙarfen Malam bai mutu ba."

Auta: Inna lillahi... Tana ina?

Yaya: Ga ta nan gefena, kofin na hannunta. Tun sallamarka take ji.

Auta: Ba ni ita. Yaya, don Allah ba ni ita!

Yaya: Inna, ga Auta... Ta kau da kai. Tsaya, tana magana. Ta ce ka riƙa shafa wa ƙarfen mai in an tashi aiki, Malam bai taɓa barin sa ya kwana a bushe ba.

Auta: Zan yi, wallahi zan yi. Sai me ta ce?

Yaya: Ta ce iyakar maganar da ta rage tsakaninku ke nan.

Auta: Inna! Inna, ki saurare ni... Yaya? Alo? Alo!