Na Hana Inna Yi Mata Fillanci

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sale ne daga Tudun Kaya.

'Yata Hauwa shekararta biyar, tana da larurar galahanga, wadda likita ya kira Down. 'Yan kalmominta duk na Fillanci ne, a bakin mahaifiyata ta koye su. Maƙwabta suka ce harshe biyu ne ke rikita ta. Na ce wa mahaifiyata, "Inna, ki daina yi mata Fillanci." Inna ba ta jin Hausa sosai, sai ta daina yi mata magana gaba ɗaya.

Hausar ba ta zo ba, Fillancin kuma ya tafi. Inna ta rasu da damina. Yanzu in na yi wa Hauwa Fillancin, kallona kawai take yi.

Jama'a, don Allah, kalmominta za su dawo kuwa?