Muryar Aro

A tashar Tsafe, wata Hajiya mai jiran motar Gusau ta tsura wa ɗan dako ido.

"Malam, ba kai ne Yelwa ɗan fim ba?"

"N-ni ne, Hajiya."

"Haba! Yelwan da in ya daka tsawa yara ke watsewa?"

"Muryar w-wani ce, ɗora mini ake yi. Da aka koma ɗaukar magana a wurin wasa, aka ji i'inata, aka s-sallame ni."

"To, faɗi maganar nan da kake yi wa ɓarayi in ji."

Ya buɗe baki, harshe ya sarƙe. Ta jira har ta gaji.

"Yi haƙuri, Malam. Ashe kama ce kawai."

Ya ɗora buhunta a ka.

"Haka ne, Hajiya. K-kama ce."