Kututturan Haji Kamarudin

Mai girma shugabar Ƙungiyar Masu Furfura Kan Hanya, Madam Beryl Tuckwell. Mai girma shugaban ƙaramar hukuma. Limamin masallaci da limamin coci, waɗanda na ga sun raba benci ɗaya. Iyaye mata da ke can baya suna fama da hayaƙin tsire. Direbobin motocin gida, masu ɗakin kwana da madafa a ciki, masu sauraro da waɗanda suka riga suka kashe na'urar kunnensu. Jama'ar Katanning baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Dakta Reginald Ashcombe, Babban Sufeton Ƙarƙashin Motoci na ƙasa. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama a jajibirin tafiyarku arewa. Ina godiya ga wanda ya ba ni kujerar gaba, abin da ban taɓa samu ba a wannan zaure.

Kujerar da aka ba ni kuwa ta Clarrie Doust ce. Kun fi ni sanin dalilin da ya sa babu kowa a kanta. Bara warhaka yana nan yana yi muku gardamar hanya. A wani masauki kusa da Carnarvon ya ji birki yana ƙara, ya ɗaga motar da jak, ya tura kututturen ice guda, ya ce wa matarsa, "Maureen, ɗora ruwan shayi, yanzu zan fito." Ruwa ya tafasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga Maureen can a zaune, ba zan ƙara komai ba.

Na ɗauka gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ashe ba haka ba. Da safen nan na zaga filin da kuka jera motocinku, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinsu. Na ga bulo. Na ga tsohuwar taya. Na ga tukunyar gas, jama'a, tukunyar gas, a ƙarƙashin gidan da ya fi giwa nauyi. Saboda haka zan faɗi abin da ya kawo ni, ko da na san da dutse nake magana.

Na farko, jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙewa. Haka ma ƙafafun nan da motar ke saukewa da kanta idan an danna maɓalli: domin daidaita gado aka yi su, kada miya ta karkata a tukunya. Abin da ke tsakanin ƙirjinka da tan shida a wannan lokaci 'yar roba ce mai tare mai, wadda ba ta kai zoben aure ba, wadda rana ta gasa shekara da shekaru. Ranar da za ta gaji ba ta sallama. Matokarin ƙarfe ne kaɗai aka ƙera domin mutum ya kwanta a ƙasansa.

Na biyu, ku san nauyin abin da kuke tokarewa. Kowannenku zai karanta mini lambar da ke jikin ƙofa. Wannan nauyin motar ne ranar da ta fito daga kamfani, da cikinta fayau. Yanzu fa? Tankin ruwa cike, firji cike da naman rago, janareta, kwale-kwale a kai, keken ɗinkin uwargida, da gwangwanayen da za su ciyar da gari. Ku hau sikelin manyan motoci da kayanku duka, a auna gaba daban, baya daban, domin bayan ne ke ɗauke da dakon. Sannan ku sayi matokarin da guda ɗaya zai ɗauki fiye da abin da zai hau kansa, da rara mai yawa. Ku tambayi mai shago: lambar nan ta guda ɗaya ce, ko ta biyu a haɗe? In ya sosa ƙeya, ku fita. Araha ba ta ado, ba ta kuma yin ta'aziyya.

Na uku, ku dubi jikinsa kamar yadda kuke duban tunkiya a kara. Gindi mai faɗi, walda mai kauri wadda ba ta tsage ba, da ƙusar ƙarfe mai ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. In haƙora ne ke riƙe shi, to ya zama da ƙusa a kai ƙari. Tsawonsa ya kai ƙashin motar ba tare da an yi masa ciko da katako ba. Wanda ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, a kai shi bola, kada a bar wa jikoki gado.

Na huɗu, ƙasa. Jan yashin arewa yana haɗiye ƙarfe, kwalta kuma da azahar narkewa take yi kamar man shanu. Ku nemi siminti shimfiɗaɗɗe. Ku sa wa tayoyi waigi gaba da baya, kada ta gangara. Ku tokare a ƙashin motar, inda littafinta ya nuna, ba a jikin tankin ruwa ba. Kafin kai ya shiga, ku girgiza ta da ƙarfi. In za ta faɗi, ta faɗi kuna tsaye.

To, duk wannan kun sha ji. Abin da ke karya mini zuciya ke nan. Ba jahilci ne zai kashe ku ba, sabo ne, kuma sabo turken wawa.

Bari in ba ku misali da wani dattijo a cikinku. Ofishina ba ya kama suna, amma yana layi na biyu, da farar hula, ana kiransa Haji Kamarudin. Wannan bawan Allah yana da kututture huɗu na jan ice da ya yanko da hannunsa tun yana aikin mayanka. Ya fi kula da su fiye da haƙoransa. Gobe da safe, kafin ayari ya tashi, ya yi niyyar shiga ƙarƙashin motarsa ya canza birkin baya a kansu.

Rahoto ya iso mini cewa yana da wani jika, shaƙiyyi, wanda bai wuce makarantar allo ba. Yaron nan ne ya taɓa sa ƙadangare a akwatin abincin liman, shi ne ya ɗaure igiyar takalman 'yan sahun gaba ranar Idi. Ya je ya sami kakan nasa ya ce, "Kaka, icen nan ya tsage, dubi, yatsana yana shiga."

Tsoho ya ce, "Cire yatsanka, ɗan nema, kada ka sa masa cutar ƙarya. Icen nan ya girmi ubanka."

Ya ce, "Shi ya sa nake tsoro. Kai ma ka girmi ubana, ga gwiwarka nan."

Ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

Ya ce, "Malam ya ce a ɗaure raƙumi tukuna, sannan a dogara ga Allah."

Ya ce, "Yau kai ne mai jawo mini Malam? Rohani, zo ki ji, kare ya yi tsarki!"

Ita kuwa Hajiya Rohani, matarsa, ta leƙo daga madafa ta ce, "Rabu da shi, Sukri. In ya mutu kai zan aura, ka ga ka gaji motar." Aka yi dariya. Amma jikan ya ga ta juya ta goge ido da bakin mayafi, domin ita ce ta kwana rungume da Maureen a Carnarvon.

Ya sake komawa, ya sake komawa. Duk lokacin da ya haɗe fuska, sai tsoho ya leƙa bayansa yana neman inda aka ɓoye ƙadangaren. Wannan shi ne hukuncin mai wasa, jama'a: ranar da ya zo da kuka, sai a ce ya ƙware.

Ina roƙonku, ku masu furfura. Kun yi aiki har ƙashinku ya gaji, kun sayar da gona, kun sayar da shago, domin ku ga teku kafin ido ya dushe. Kada ku ƙare a ƙarƙashin gidan da kuka saya domin hutu. Kada ku bar mace da butar shayi a hannu. Ina faɗa, ina kuma kallon fuskokinku, na san rabinku tsire kuke jira.

Madam shugaba, na ga tun ɗazu kina duban gemuna. Gaskiyarki, gefe ɗaya ya saki. Gashin tunkiya ne, daga kara na tsinto shi. Rigar nan mai ƙyalli ta mayanka ce, tabarau na Hajiya Rohani ne, ga ta can ta toshe baki tun daga gaisuwa. Babu wani Dakta Ashcombe, babu ofishin ƙarƙashin motoci. Ni ne na buga miki waya da muryar hanci. Ni ne Sukri, jikan Haji Kamarudin, ni na rubuta wannan jawabi, liman ya gyara mini inda na karkace. Ki yafe mini. Na lura a ƙasar nan duk wanda ya sa riga mai ƙyalli ana sauraronsa, ni kuwa ban taɓa samun wanda ya saurare ni har ƙarshe ba.

Kaka, zauna, saura kaɗan. Tsiren nan da ake gasawa, wanda ka ce ƙamshinsa ya fi na kullum, da kututturanka huɗu aka hura wutarsa. Gatari ɗaya na sa wa babban ya rabe biyu, cikinsa duk gara.

A gindin motarka akwai kwali. Matokaran ƙarfe ne huɗu, masu ƙusa, sun fi ƙarfin motarka, irin motarku ɗaya da mai su. Na Clarrie ne. Ya saya tun kafin tafiyar bara, suna cikin motar ranar, ko buɗe kwalin bai yi ba, domin aikin na yanzu-yanzu ne. Maureen ce ta ba ni. Ta ce, "Kai wa kakanka. In ya ƙi, ka ce ya dawo mini da su da hannunsa, ya dube ni."

Na san ka, Kaka. Akwai zarto a gareji, akwai ice a daji, kuma ba ni da gemu na biyu. Iyakar wayona ke nan, ya ƙare.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Allah Ya ba Maureen haƙuri. Allah Ya sa badi mu ƙirga kujerun nan mu same su da masu su, har da ta layi na biyu. A ci tsire, kada ya huce.

Na gode.